Wake Bakwai a Tafin Hannu

Sun ba ni fom mai tambaya goma sha biyu,
kowace da akwatinta: e, a'a, ban sani ba.
Na sa rigar sanyi, na hau Gangare
tun raɓa ba ta bar kwanon rufi ba.

Tanimu mai tireda ya duba sama-sama,
ya ce, "Malama, rubuta gaskiya:
kwali ba ya tafiya, kara ke tafiya,
ɗaya-ɗaya, kamar ƙosai.
Ribarsa ta sai wa 'yata takalmin makaranta.
In kun ɗauke shi daga tebur, me za ku ɗora?"
Na nemi akwatin wannan, babu.
Na rubuta a gefe da ƙananan baƙi.

Daga teburinsa zuwa ƙofar firamare
taku ashirin da uku, na ƙirga.
Taba na kwance kusa da alawar madara,
daidai idon yaro ɗan aji uku.

Baba Dalyop a Farin Gada,
shekara talatin cikin ramin kuza.
Ya ce sanyin Jos ne malaminsa:
ranar da ruwa ya kai masa ƙugu
wani ya miƙo masa guntu mai wuta.
Tari ya tsinke zancen.
Na jira, biro a sama,
har ya share ido da bakin hula.
"So nake in bari. Wurin wa za ni?
A asibiti sun ce in bari. Na ce na sani.
Suka ce to, a kira na gaba."

Lantana ko tabarma ba ta ba ni ba.
"Taba kika zo tambaya?
Famfonmu wata huɗu ko ɗigo."
Na juya zan tafi, ta riƙo gyalena.
"Ɗana da ƙamshin abarba yake dawowa.
Wai shisha ba taba ba ce, ruwa ke wanke ta.
Sha biyar gare shi. Rubuta wannan,
amma kar ki sa sunansa."

Asabar muka taru a aji, gwiwa na karo da benci:
ladan, matar fasto, shugaban 'yan keke,
nas guda da ta taso daga aikin dare.
Mutanen ofis sun riga sun bugo fosta,
baƙin huhu kamar gindin tukunya.
Na ce a dakata tukuna.
Na jera kwanoni biyar, kowanne da buƙatarsa,
na ba kowa wake bakwai,
ya zuba inda ciwonsa yake.

Kwanon fosta ya sami uku.
Biyu na mai bugawa ne.

Tanimu ya daɗe a tsaye, hannu a dunƙule.
Huɗu ya zuba a kwanon jari,
sauran ukun, ba tare da ya kalli kowa ba,
a kwanon hana sayarwa bakin makaranta.
Dalyop ya juye nasa duka wurin yara.
"Nawa huhun ya riga ya yi nisa."

Ni ce ƙarshe.
Mahaifina ya yi tari damina shida
a ɗakin da muke kwana mu biyar.
Ba wanda ya taɓa zuwa da fom
ya tambaye shi me yake so.
Na zuba nawa a kwanon masu son bari,
ƙararsu a silba ta fi yadda na zata.

Mai jakar ofis ya ce rahoto sai Litinin,
a taƙaita shi, shafi ɗaya.
Na dubi gefen takarduna, duk ya cika,
akwatunan kuwa rabi fayau.

Lantana ta bi kwanonin tana tattarawa.
"Kun gama ƙirge? To, zan dafa shi,
in an samu ruwa."